Keken da Goggo ta rasu tana tambaya

Ranar sadakar uku, tsakar gidan Goggo a Akokan ta cika da mata, duk da garin ya zube tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai. Wadda ta shigo sai ta yi gaisuwa, ta nemi gefen tabarma, ta ce Allah ya jiƙan tsohuwa. Daga nan idonta zai faɗa kan farin keken ɗinki na kuran, wato mai aiki da lantarki, da matar Yaya ta fito da shi bakin ɗaki, ta goge shi tas, ta yafa masa leshi. Ban san wanda ya gaya mata gidan makoki wurin baje koli ba ne.

"Shi ne wanda ɗan nata ya sayo mata?" in ji wata baƙuwa, tana ɗaga gefen leshin.

"Shi ne," in ji matar Yaya. "Da kuɗin sallamarsa na rami. Ko moto bai saya wa kansa ba sai da ya fara da ita."

"Allah ya ba mu masu jin ƙanmu irin haka."

Matar liman ta gyara mayafi ta ce ai tsohuwa ta ga gata kafin ta tafi, an hutar da ita taka ƙarfe. Aka yi ta gyaɗa kai. Ni ina tsaye da faranti ina rabon gumba, ina jin kamar in kifa shi a ƙasa. Mutum ɗaya ce a cikinsu ta faɗi gaskiya, tsohuwar maƙwabciyarmu Ba'abziniya, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta karɓi gumbar, ko kallon farin keken ba ta yi ba, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Goggonka ya daɗe da tafiya. Tun ranar da ƙarar nan na safe ya daina, ni na san ya tafi."

Saboda maganar tsohuwar nan na zauna nake rubuta wannan, kuma ba da sanyin rai nake yi ba. In na yi shiru, abin da za a riƙa tunawa da Goggo shi ne wata tsohuwa mai sa'a da ɗanta ya saya wa keke na zamani. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, a hannunta na koyi ɗinki. Yaya kuwa shi ne ɗanta tilo. Abin da ta roƙa a shekarunta na ƙarshe ɗaya ne, a maido mata baƙin kekenta na ƙafa. Ta roƙa har ta gaji, ba ta samu ba.

Daga Damagaram ta zo da keken nan, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da turmi da tukwane, lokacin da mijinta ya sami aikin rami. Ko a lokacin tsoho ne. Akwai alamar furanni masu ruwan zinariya a jikinsa, amma inda yadi ke bi duk sun goge, sai baƙin ƙarfe mai sulɓi. Ƙato biyu ke ɗaga shi, su ma da nishi. Mazauninsa ƙarƙashin rumfa ne kusa da ƙofar gida, kuma da kar ɗin ma'aikatan safe, motar da ke kai su rami, ya wuce za ka ji ya soma, cak-cak-cak, ba hanzari ba jinkiri. Matan layinmu da wannan ƙarar suke sanin lokacin ɗora tukunya ya yi.

Ranar Juma'a ba ta sa masa yadi sai ta yi masa kwalliya. Za ta buɗe ƙasansa, ta zaro ƙoshiya da kwarkwaro, ta bi kowane lungu da gashin kaza tana fitar da rairayin da iskar garin nan ke cusawa ko'ina. Sannan ta ɗiga mai, ta juya taya, ta kara kunne. Igiyarsa ta fata ce, wajen dukawa masu aikin fata take sayowa, in ta saki ta yanke gefe ta sake ɗaurewa da waya. Zannuwan Goggo duk ƙanshin man keke suke yi, har na sallarta. Ban taɓa ganin ta kai shi wajen mai gyara ba.

Koyarwarta ba ta da daɗi, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Ranar da ta fara zaunar da ni a kai, sai da na yi kwanaki ina taka shi ba zare ba allura, wai sai ƙafata ta daina gardama. In na ja yadi sai ta doke mini bayan hannu. "Ba akuya ba ce da za ki ja. Ki raka shi, ya san hanya." Ta taɓa warware mini ɗinkin wuni guda a gaban masu kaya, zare bayan zare, sai da ta gama sannan ta miƙo mini ta ce in sake. Na yi kuka, ta ce in matsa kada in jiƙa wa mutane yadi.

Keken ba ya komawa baya. In ta kai ƙarshen ɗinki sai ta bar allura a ciki, ta ɗaga ƙafar dannewa, ta juya yadin gaba ɗaya, ta sake bi ta kan inda ta fito. Layi ɗaya ya iya, miƙaƙƙe, amma ba abin da layin nan bai ratsa ba. Shuɗin kayan 'yan rami da gwiwa da gwiwar hannu suka cinye, ta ninka faci ta bi ta kai. Tamfol ɗin direbobi. Rigunan buhu da ake ɗinka wa jarkokin ruwa don su yi sanyi a hanyar sahara. Akwai wani direba Ba'abzine da ke zuwa da jarkokinsa duk lokacin da zai yi arewa, ya tsuguna a bakin rumfa yana jira. "Goggo, kai ne kawai ɗinkinka yana kai ni ya dawo da ni," haka yake ce mata. Ita kuma ta ce ya daina yi mata daɗin baki, ya je ya wanke buhunan nan kafin ya kawo mata su suna warin gazuwal, man kamiyonsa.

Rigimarta da maƙwabciyar nan Ba'abziniya kowa a layin ya san ta. Matar ta aiko aron almakashi, Goggo ta bayar, ashe gwangwanin tumatir za a yanka a yi wa murhu marfi. Almakashin ya dawo da giɓi. Goggo ta fita har ƙofar gidansu ta wanke ta tas, ta haɗa da mijinta da raƙuman kakanninta. Azumin shekarar nan gaba ɗaya ba ta amsa mata gaisuwa ba. Amma ana saura kwana kaɗan salla ta lura yaran gidan ba a yi musu komai ba, don mai gidan yana kwance da ciwon ƙirji. Ta tattara ƙyallayen da suka rage mata, ta auna yaran da ido daga nesa, ta ɗinka musu riguna. Ta ba ni in kai, ta ce, "In ta tambaya ki ce ban huce ba." Rigunan sun zauna musu daidai, kuma da gaske ba ta huce ba sai bayan babbar salla.

Ni yanzu tela ce, ina da shago a Arlit, kuma keken kuran nake amfani da shi. Don haka kada wani ya ce ƙin zamani ke damuna. Na san abin da keken kuran ya iya. Abin da Goggo za ta wuni tana yi, ni kafin azahar na gama. Yana yin ɗinki mai kwana-kwana, yana kama bakin yadi, yana huda gidan maɓalli, yana komawa baya da taɓa ɗan maɓalli ɗaya. 'Yan matan yanzu surfani suke so a wuya da hannu, kuma baƙin keke har abada ba zai yi musu shi ba. Da shi nake ciyar da 'ya'yana. Amma na san halinsa. In aka ɗauke kuran, ni da shi duk mun zama 'yan kallo. Cikinsa roba ce, rairayi ya shiga haƙoransa su cinye, sai an aika kudu a nemo wasu. Ka sa masa tamfol ya yi gurnani ya karya allura. Babban abin kuma shi ne ba ya jin ƙafarka. A baƙin keke, ƙafarka ce injin, in ka yi tunanin tsayawa ya riga ya tsaya, in yadi ya yi kauri za ka ji a tafin ƙafa tun kafin ido ya gani. Na kuran kuwa ka danna ne ya tafi, sai dai ka bi shi da ido.

Ido kuwa shi ne abin da Goggo ta rasa. Yanar ido ce ta fara rufe mata su tun mijinta na da rai, bayan rasuwarsa abin ya ƙaru, har ta kai in ka shigo sai ka yi magana take sanin kai ne. Amma ɗinki bai tsaya ba. Da ɗan yatsa take laluben ramin allura ta zura zare. Yatsunta na bin gefen yadi, ƙafarta na ba ta labarin kaurinsa, kunnenta na kan ƙarar. In zaren ƙasa ya kusa ƙarewa tana ji, sai ta tsaya. Masu kawo faci ba su ragu ba, da yawansu ma ba su san ba ta ganin abin da take yi ba. Duk wanda ya zauna a gidan nan ya san haka. Yaya a gidan yake kwana yake tashi.

Shekarar da aka rufe ramin Akokan aka sallami Yaya tare da sauran. A daidai lokacin na haihu, Goggo ta zo wurina a Arlit zaman jego. Ba ta so barin kekenta ba, ta lulluɓe shi da tsohon bargo, ta ja wa matar Yaya kunne kada yara su hau. Da muka yi arba'in na rako ta gida. Muna shiga muka tarar an share tsakar gida, an tara maƙwabta, wata har da guɗa. A ƙarƙashin rumfa, a mazaunin baƙin keke, ga farin nan a kan sabon tebur.

Yaya ya kamo hannunta ya ɗora a kai, bakinsa har kunne. "Inna, wahala ta ƙare. Wannan ba a taka shi, taɓawa kawai ake yi."

Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ta laluba ƙasa da ƙafa tana neman mataki, ba ta samu ba.

"Madalla," ta ce. "Allah ya yi albarka. Ina nawa?"

"Ai ga shi, Inna."

"Nawa nake tambaya."

Ya yi 'yar dariya ya dubi mutane. Ya ce tsohon ya kai shi Agadas wurin wani mai gyara, a ɗan duba shi, zai dawo. Ta ce me ya same shi da za a duba? Sai aka shiga raba goro.

Ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Washegari ta zauna, na zura mata zare, na sa ƙafarta a kan ɗan abin dannawar da ke ƙasa. Ƙafar da ta saba da tura ƙarfe mai nauyi ta danna da ƙarfinta na kullum. Keken ya yi kururuwa ya fizge yadin, allura ta shige mata ɗan yatsa ta ɓullo ta farce. Ba ta yi ihu ba. Ta jira har na juya taya na zare allurar, jini na ɗiga a kan farar robar. Ta ce, "Wannan ba ya jira a gama magana." Daga ranar ba ta ƙara zama a gabansa ba, kuma ba ta ƙara ɗinka komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba sayen ba ne. Mutum yana iya yin kuskure da kyakkyawar niyya, na yarda. Ƙaryar da ta biyo baya ce ba zan yafe da wuri ba. Duk safiya in Yaya ya shigo gaishe ta, bayan ta amsa sai ta ce, "Mai gyaran nan bai gama ba?" Shi kuma kullum da amsarsa. Yau mai gyara ya yi tafiya, gobe ana jiran wani ƙarfe, jibi kamiyon da zai kawo shi ya lalace a hanya. Ita da ba ta yarda da kowa a kan almakashi ba, ta yarda da shi, don ɗanta ne. Abu ɗaya kawai ta nace a kai, ta ce a ja sabon teburin gefe a bar wa mai wuri wurinsa. Na ce in nemo mata wani baƙin keken kafin nata ya dawo, ta ce ba ta son na kowa, nata na hanya. Masu faci suka zo suka koma, suka daina zuwa. Direban nan ya zo sau ɗaya da jarkokinsa, ya tsuguna ya gaishe ta, ya tafi da buhunansa a hannu. Ita kuwa tana zaune a tabarma daga safe har yamma, ƙafafu a miƙe, suna kumbura.

Ni ma na yarda da zancen Agadas, har ranar da matar Yaya ta suɓutar da baki. Muna tsinke zogale ta ce ai ƙarfen nan ya yi nauyi a sikeli, masu sayen tsohon ƙarfe har mamaki suka yi. Na ajiye kwanon na fita. A bayan gari na same su, inda suke tara ƙarafan da suka fito daga rami da matattun motoci. Babbansu ya tuna da shi sarai. Ya ce da guduma suka fasa kan don ya shiga buhu, kuma kamiyon da ya kwashe ya daɗe da yin kudu. Ya ga yadda fuskata ta yi, ya ce, "Hajiya, mu nauyi muke saye. Da mai shi ya ce yana aiki, da mun sayar wa tela."

Na tare Yaya a ƙofar gida. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, don ya girme ni kuma a ɗaki ɗaya aka raine mu.

"Yaya, ka sayar da shi a kilo, kana ce mata yana Agadas?"

"Ke, rage murya. So kike ta ji?"

"So nake ka shiga ka gaya mata da bakinka."

"In gaya mata me? Abokaina suna ganin uwata makauniya tana taka ƙarfe tana yi wa mutane faci, kamar ba ta haifa ba. Kin san abin da ake faɗa a kaina?"

Ashe nan gizon yake. Kunyarsa ya saya wa magani, ba wahalarta ba. Na ce masa ko tambayarta bai yi ba. Ya ce ana tambayar mutum ne kafin a yi masa kyauta? Ya sa takalmi ya bar ni tsaye, kuma washegari da safe na ji shi da kunnena yana ce mata hanya ce ba kyau.

Ban ƙara jiran izinin kowa ba. A kasuwar Arlit akwai wani tela mutumin Tawa da ke da baƙin keke irin nata. Ba mai ba da aron abin da yake ci da shi, amma damina ta kusa, zai tafi gida noma. Na yi masa bayani, sai ya ce, "Wanga keke tsohona ya bar min shi. Ki tai da shi, Allah shi ba ta lahiya. Amma in na komo ina biɗar abina." Na ɗora shi a amalanken jaki har Akokan, na sa aka ajiye shi a ƙarƙashin rumfa.

Goggo ta ji ƙarar saukewa ta ɗago kai. Na kama ta na zaunar da ita a kujera. Ta shafa kan keken, ta bi da yatsa har inda furannin suke, ta tsaya.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Na aro ne, Goggo."

Ta janye hannunta. "Ashe sun fasa shi," ta ce. Ba tambaya ta yi ba.

Duk da haka ta laluba ta zura zare, karo ɗaya, kamar jiya ta bari. Ta ɗora ƙafafu a kan mataki, ta ba taya hannu, ta tura. Matakin ya yi ƙasa bai dawo ba. Ta sake, tayar ta yi rabin juyi ta koma baya, zare ya tsinke. Ta sake har gumi ya keto mata. Ƙafafun da suka taka ƙarfe tun kafin a haife ni, zaman tabarma ya cinye su. Na durƙusa zan taya ta da hannu, ta ture ni.

"Bari, 'yar nan. Keken lafiyarsa lau. Ƙafar ce ta tafi."

Ta sa na maida ta tabarma. Daga ranar ba ta ƙara tambayar Yaya mai gyara ba. Yana shigowa ta amsa gaisuwarsa ta juya fuska bango, shi kuma har ya ce wa matarsa Inna ta haƙura. Bayan girbi mutumin Tawa ya dawo na maida masa abinsa. Goggo ba ta ga wata daminar ba.

Da hantsi ta cika. Kafin azahar maza sun taru a ƙofar gida, Baba, mahaifina, ya iso daga Arlit, an aika an yanko farin yadi. Mata na ciki suna yi mata wanka, aka miƙo mini yadin, don ni ce tela a gidan. Likkafani kuwa aikin Goggo ne a layin nan tun ina yarinya. Duk wanda ya rasu, ɗan rami ne ko jariri, ita ake kawo wa, kuma ba ta taɓa karɓar ko goro a kai ba. Tana da yadda take yinsa. Takan buɗe ɗinkin ya yi faɗi, ta taka a hankali ƙwarai, kowane juyi da salati, ba ta ƙulla zare a ƙarshe. Na taɓa ce mata mutane na jira, ta ce wanda ya gama gudun duniya ba a ɗinka masa rigar ƙarshe da gudu.

Na ce a ba ni allura in yi da hannu, ko a tura a ɗauko na mutumin Tawa. Yaya ya leƙo, idanunsa jajur. Ya ce ga keke a gida za a je aro? A kan wanda ya saya mata za a ɗinka, ko sau ɗaya dai ta more shi. Na ce abin da ya huda mata yatsa ba zai yi ihu a kan likkafaninta ba. Murya ta fara tashi, gawa na kwance a ɗaki. Baba ya shigo ya tsaya tsakaninmu. Ƙanenta ne, shi ma hawaye yake yi.

"Ke, uwarsa ce. Ki ɗinka a kan wannan ɗin. Kada ki sa a ji mu a waje."

Ban iya musa wa Baba ba. Na jawo teburin zuwa ƙarƙashin rumfa, na zauna. Na zare wayar daga bango na yar a ƙasa, na ture abin dannawar da ƙafa. Na buɗe ɗinkin ya yi faɗi. Sannan na kama tayar da ke gefe da hannun dama na fara juyawa, hagu na raka yadin, allura na sauka ɗaya bayan ɗaya, kowace da salatinta. Ba a yi keken nan don haka ba, tayar ƙarama ce mai santsi, kafin in gama gefe ɗaya kafaɗata ta ɗau zafi. Masu wanka suka gama suka fito suka tsaya a kaina. Maƙwabciyarmu ta zo ta zauna a ƙasa, ta tallabe yadin da ke zubowa kada ya taɓa rairayi.

Yaya ya dawo. Ya dubi wayar a ƙasa, ya dubi fankar da ke juyawa a ɗaki.

"Akwai kuran fa."

"Na sani."

"Mutane na tsaye a rana. Liman na jira."

Ban ɗago kai ba. Na ce masa ita ma ta jira, kullum safiya tana tambaya, kuma ban ga wanda ya ji kunyarta ba. Ya tsaya nan a kaina, ga jama'a a waje suna aiko a ga ko lafiya, bai iya fita ya gaya musu dalili ba. Na ci gaba da juyawa har na kai ƙarshen layin, na ja zaren na yanke, ban ƙulla ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka mata kabarinta fiye da hasken da ta rasa a nan, ya yafe mata zafin bakinta saboda tsiraicin da ta rufa wa rayayyu da matattu. Wannan addu'ar daga zuciyata take fitowa, safe da yamma. An ce in haɗa da Yaya, in roƙa masa gafara shi ma, don zumunci. Na gwada, bakina bai ɗauka ba tukuna.